Dokar Iri Ta 2019 Ba Ta Isa Kasuwannin Karkara Ba

Dokar Hukumar Kula da Irin Shuka ta Ƙasa, wato NASC, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a 2019 domin ta maye gurbin dokar soja ta 1992, ta hana sayar da iri da sunan ingantacce sai hukumar ta tantance shi, ta kuma tanadi tarar naira miliyan 1 ko ɗaurin shekara 1 ga wanda aka kama da laifin karon farko, sannan hukuncin ya ninka idan ya sake. Wannan jarida na ganin tanadin ya yi daidai, sai dai har yanzu bai kai inda ake cinikin iri na gaskiya ba, wato rumfunan masu sayar da taki da maganin feshi da kasuwannin ƙauye masu ci mako-mako.

Ingantaccen iri yana bin matakai uku kafin ya isa hannun manomi. Masu bincike a cibiyoyi kamar Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da ke Zariya, wadda ta fitar da jerin masarar SAMMAZ da waken SAMPEA da gyaɗar SAMNUT, su ne ke samar da irin farko. Daga shi ake ninka irin tushe, daga irin tushe kuma kamfanoni ke noma wanda za a sayar, bayan jami'ai sun duba gonar sun kuma gwada yawan ƙwayoyin da ke tsirowa. Mai algus yana tsallake duk wannan da kwanon masara daga kasuwar hatsi, ya bakace ta, ya shafa mata jan launi mai kama da maganin da kamfanoni ke yi wa iri sutura da shi, ya ɗura a leda mai tambari.

Abin da ya sa wannan ha'inci ya fi na sauran kayan kasuwa muni shi ne ba a gane shi ranar saye. Manomi zai shuka da ruwan farko, ya ga tsiro ya fito jefi-jefi, kara ya tashi wani dogo wani gajere, kuma kafin ya tabbatar an cuce shi lokacin sake shuka ya wuce, kuɗin huɗa da taki da ƙwadago sun tafi, galibi da bashi a kai. Tarar da kotu za ta ci mai laifin, idan ma an kama shi, asusun gwamnati take shiga.

Hukumar ta ɓullo da SEEDCODEX, wata takarda da ake mannawa a jikin buhu, mai saye ya kankare ya tura lambobin da ke ƙarƙashi ta saƙon waya domin a tabbatar masa da sahihancin irin. Dabara ce mai kyau, amma ba ta amfanar wanda aka auna wa iri da gwangwani daga buɗaɗɗen buhu, kuma haka ƙananan manoma da yawa ke saye.

Saboda haka wajibi ne hukumar ta haɗa kai da ma'aikatun gona na jihohi da malaman gona, a riƙa binciken rumfuna tun watan Afrilu kafin saukar damina, a tilasta bayar da rasiti mai lambar buhu, a matsa wa kamfanoni su yawaita ƙananan ƙunshi na kilo 1 ko 2 masu ɗauke da takardar kankarewa, a kuma bayyana sunayen waɗanda kotu ta hukunta a gidajen rediyo. Majalisar Tarayya kuma ta sauƙaƙa wa manomin da ya riƙe rasitinsa hanyar karɓar diyya daga dillalin da ya cuce shi. Wannan bincike bai kamata ya shafi manomin da ke ajiye irin gero ko dawarsa a rumbu yana musaya da maƙwabta ba, domin shi bai manna wa hatsinsa tambarin kowa ba.