BAYAN AN SAKO TA, SAI ME?

Makon nan ni aka miƙa wa alƙalami, kuma daga akwatin talabijin zan ɗauko maganata, duk da cewa akasarinmu a nan zube muke rubutawa.

Tun da Arewa24 ta fara haska Kwana Casa'in a 2019, teburin mai shayi a nan Tsanyawa ya samu sabon abin musu bayan ƙwallo. Alfawa ƙirƙirarren wuri ne, amma kowa ya ga jiharsa a ciki. Ga Gwamna Bawa Maikada wanda Sani Mu'azu ya fito a matsayinsa, ga Malam Adamu wanda namu ne ya hau, wato Ado Ahmad Gidan Dabino, mai In Da So Da Ƙauna. Wanda ba shi da dish sai ya kai wayarsa shagon caji a tura masa.

Duk ranar da shiri irin wannan ya nuna zalunci tsirara, ko duka ko ɗauke mutum, 'yan kallo sai su rabu biyu. Wasu su ce abin ya yi yawa, ana koya wa yara ta'asa. Wasu su ce ai gaskiya ce, wanda ya ji haushi shi ya san abin da ya taka. Hukumar tace finafinai ta Kano ma ta shiga musun. A zamanin Isma'il Na'abba Afakallah ta taɓa ba da umarnin dakatar da haska shirin, tana kafa hujja da wata fitowa da aka nuna maza sun riƙe mace a cikin adaidaita sahu. A watan Satumba na 2021 kuma ta hana finafinan da ke nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya.

Na daɗe ina cikin ɓangare na biyu, har da kumfar baki. Sai daga baya na lura cewa dukkanmu a kan minti ɗaya muke faɗa, mintin da aka kai hannu. Babu mai tambayar abin da ya biyo baya. Akwai kuma 'yar kallo ta uku wadda ba ta zuwa teburin mai shayi, ba ta kuma rubuta ra'ayinta a Facebook.

A ƙarshen 2025 'yan bindiga suka fara shigowa ƙauyukan Tsanyawa da Shanono ta iyakar Katsina. Abin da muke ji a rediyo ya zo ƙofar gida. Wata gwaggona ta taso daga ƙauyensu ta dawo wurinmu. Ita ba a ɗauke ta ba. A cikin kara ta kwana da goyon jikarta, tana jin muryar maƙwabciyarta har ta daina ji.

Wani dare yara suka kunna wani shiri mai dogon zango, ba Kwana Casa'in ba, kuma ba zan faɗi sunansa ba. An sace wata mata saboda rikicin siyasar mijinta. Na so in ce a kashe, amma na ga Gwaggo tana kallo ko gezau. Aka biya kuɗi, aka sako matar. A kashi na gaba ga ta nan ta sha lalle da leshi, ta tsaya gaban 'yan jarida tana zuba zance tiryan-tiryan har ta kayar da babban mutum. Yara suka yi tafi. A nan ne Gwaggo ta naɗe tabarmarta. Da na bi ta, abin da ta ce kawai shi ne, wanda ya rubuta wannan bai taɓa zama kusa da wanda ya dawo ba.

Ni kuwa ina zaune kusa da wadda ko ɗaukarta ba a yi ba, ga abin da nake gani. Da mayafinta a ɗaure take kwana, takalmi a gefen kai. In babur ya wuce bayan isha'i, sai ta tashi zaune, ta fara ƙirga yara da ido. Matar da aka sani da sanyin hali ta mari jikarta a kan kofi da ya faɗi, don ƙarar ta zo mata ba shiri, sannan ta wuni tana ba yarinyar haƙuri. Ban ga hawayenta ba ko sau ɗaya. In an tambaye ta lafiya, ta ce alhamdu lillahi, kuma har zuciyarta take faɗa.

Ga inda nake ganin laifinmu. A labarin siyasa, wanda aka zalunta yakan zama hujja kawai. Muna buƙatar mai karatu ya tsani gwamna, sai mu sa a sace yarinya. Da zarar tsanar ta kama, aikin yarinyar ya ƙare, sai mu sallame ta da "Allah ya kiyaye gaba" mu koma fadar gwamnati inda ake ƙulle-ƙulle. To wannan da me ya bambanta da ɗan siyasar da muke zagi? Shi ma yakan zo jaje da jerin motoci da buhunan shinkafa, a ɗauki hoto, kafin la'asar ya kama hanyar birni. Ni ma na yi. A littafin da nake turawa a WhatsApp, shafi ɗaya da rabi na ba wadda aka sako.

In kuma muka tashi nuna cewa abin ya taɓa mutum, sai mu zarce. A yaga masa riga, a watsa masa gashi, ya riƙa dariya shi kaɗai, a ce a kai shi Dawanau ko a kira mai ruƙiyya. Kamar ƙofa biyu ce kawai, ko garau ko hauka. Yawancin waɗanda abin ya shafa a tsakani suke. Suna zuwa kasuwa, suna salla a sahu, amma barci ya ƙaurace musu. Illar abin ita ce mai fama da irin wannan firgici, in ya ga yadda muke zana shi, sai ya ƙara yin shiru don kada a ce ya taɓu.

Na san wani zai ce Bahaushe mai tawakkali ne, ba ya raki. Haka ne. Amma a Suratu Yusuf an ba mu labarin Annabi Yaƙubu, wanda ya yi kyakkyawan haƙuri, kuma duk da haka idanunsa suka yi fari saboda baƙin ciki. Haƙuri da ciwo suna zama a ƙirji ɗaya. Mu ne muke raba su don rubutu ya yi mana sauƙi.

Akwai uzurin da na yarda da rabinsa. Mai kallo yana son labari ya yi gudu, kuma duk wanda ke sakin littafi kullum ya san zafin a ce masa labari ya yi sanyi. Akwai ma waɗanda abin ya shafa da ba sa son ganin komai a kai, kuma haƙƙinsu ne. Sai dai ku duba: abin da ke biyo baya ba ya buƙatar bindiga, ba ya buƙatar namiji ya taɓa mace, ba abin da almakashin hukuma zai kama. Kuma a can siyasar ta fi kauri. Gonar gado da aka sayar don haɗa kuɗin fansa tana hannun wa yanzu? Bashin da dangi suka ci, wa zai biya? Me kishiya da matan unguwa ke raɗawa game da kwanakin da ta yi a daji, kuma mijin yana iya haɗa ido da ita? Wannan ya fi jawabin gaban 'yan jarida tona asirin mai mulki. Kada mu manta, labarin da ya fara lashe gasar Hikayata ta BBC Hausa a 2016, Sansani na Aisha Muhammad Sabitu, a kan 'yan gudun hijira yake, mutanen da harin ya riga ya wuce ta kansu.

Roƙo ɗaya: kada wani ya ɗauki biro ya tafi yi wa masu ciwo tambayoyi kamar ɗan sanda. Ni ban taɓa tambayar Gwaggo daren nan ba, kuma sai da na nemi izininta kafin in rubuta wannan. Ta ce in rubuta, amma kada in faɗi sunan ƙauyen.

Na janye babi na 14 na littafina, masu karatu suna ta ƙorafi. A sabon da nake yi, matar ta kwana tara da dawowa, ana ta shigowa barka, ita kuwa ta kasa zama ta ba ƙofa baya.