Allurar Baya Lokacin Naƙuda: Awon Maganin Ya Fi Allurar Muhimmanci

A ɗakunan awon ciki na asibitocin Abuja, babu abin da ake tsoro kamar allurar baya, wadda likitoci ke kira efidural. Wasu na cewa tana barin mace da ciwon baya har ƙarshen rayuwarta, wasu kuma na cewa tana shanye ƙafa. Ga kuma tsohuwar koyarwar da ke auna mutuncin mace da irin dauriyar da ta yi a kan gwiwa. Tsoron ba shi da laifi, amma an ɗora shi a wurin da bai kamata ba. Abin dubawa shi ne yawan maganin da aka zuba, da ƙarfinsa, da kuma wanda zai tsaya a kan mai naƙuda bayan an zuba.

Allurar ba sabuwa ba ce. Wani likitan soja ɗan Sifen, Fidel Pagés, ya bayyana ta tun 1921. Ana shigar da siririn bututu tsakanin gaɓoɓin ƙashin baya zuwa wani fili da ke wajen tantanin da ya lulluɓe laka, sai a riƙa tura magani ta nan yana jiƙa jijiyoyin da ke fitowa. Yawan ruwan maganin ne ke nuna iya nisan da zai yi sama da ƙasa, ƙarfinsa kuma ke nuna zurfin mutuwar da wurin zai yi. Naƙudar farko tana buƙatar a kashe zafi daga cibiya zuwa ƙasa. Tiyatar fito da jariri kuwa sai maganin ya hau har kusa da nono.

Jijiyoyi ba sa mutuwa lokaci guda. Waɗanda suka fi saurin kamuwa su ne masu riƙe hanyoyin jini a tsuke. Daga su sai masu ɗaukar zafi da sanyi, sannan na taɓawa, na motsi su zo ƙarshe. A wannan jeri ne hikimar take, a cikinsa ne kuma haɗarin yake. Idan aka tsinka maganin sosai, zafi zai tafi, mace ta ci gaba da motsa ƙafa tana kuma iya yunƙuri. Amma ko da awo kaɗan, hanyoyin jini na ƙafafu da ciki sukan saki, jini ya taru a can, wanda ke komawa zuciya ya ragu, awon jinin uwa ya faɗi. In maganin ya hau har saman ƙirji, inda jijiyoyin da ke zaburar da zuciya suke fitowa, bugunta ma sai ya yi sanyi.

Mabiyiya ba ta da dabarar daidaita jinin da ke zuwa mata. Abin da jinin uwa ya turo shi take samu. Saboda haka faɗuwar jinin uwa na 'yan mintoci kan bayyana a bugun zuciyar jariri. Maganin wannan sananne ne, ba shi da tsada: a kwantar da ita a gefen hagu don cikin ya daina danne manyan jijiyoyin jini, a sa ƙarin ruwa, a riƙa auna jini akai-akai, a ajiye efedirin ko fenilefirin a kusa. Wannan sakin jijiyoyin jini ma wani lokaci alheri ne, domin likitoci kan so allurar ga mai hawan jinin ciki idan jininta na daskarewa yadda ya kamata.

Tarihi ya nuna cewa awo ne ya gyara sunan allurar. A 1983 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta hana amfani da bufibaken mai ƙarfin kashi 0.75 cikin ɗari ga masu haihuwa, bayan an samu matan da zuciyarsu ta tsaya lokacin da maganin ya kuskure ya shiga jijiyar jini. Daga nan aka tsananta ɗabi'ar fara gwaji da ɗan kaɗan, a kuma riƙa ƙarawa daki-daki. Yau ana amfani da kusan kashi 0.1 cikin ɗari, a gauraya da ɗan fentanil. Wani bincike da aka yi a Birtaniya, aka buga a mujallar Lancet a 2001, ya nuna cewa ƙaramin awo ya rage yawan haihuwar da sai an jawo jariri da ƙarfe. Batun ciwon baya na dindindin kuwa, gwaje-gwaje ba su ɗora shi a kan allurar ba. Ciwon kai mai tsanani dai yana faruwa ga kusan mace ɗaya cikin ɗari, kuma ana maganinsa.

A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi wa mace mai lafiya wannan allura idan ta nemi sauƙin naƙuda. Matsalar Najeriya ita ce hannun da zai yi aikin. Ƙungiyar likitocin sa barci ta duniya tana son a samu aƙalla biyar ga kowane mutum 100,000; ƙasar nan ba ta kai ɗaya ba, ga shi kuma waɗanda aka horar suna ta ficewa ƙetare. Sayen kwalaben magani abu ne mai sauƙi a takardar kasafi, amma kwalba ba ta auna jini da ƙarfe uku na dare.

Ma'aikatan tarayya da hadiman da ke tsara takardun ma'aikatu suna da ta cewa a nan. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, ya kamata kuma hukumar ta fayyace matsayin wannan allura a cikin kuɗin haihuwa, ta sharɗanta wa duk asibitin da zai yi ta ya kasance da likitan sa barci a bakin aiki dare da rana, da na'urar auna jini, da farin ruwan mai da ake karya dafin maganin da shi. Magidancin da matarsa ke zuwa awo kuma, tun kafin wata ya kama, yana da haƙƙin tambayar wane ne zai yi allurar, da kuma ko zai kwana a asibitin.