Wa Zai Ba Ɗan'uwanmu Mai Galahanga Abin Yi?

Ikilisiyoyinmu na Malam Madori da Haɗeja ƙanana ne, mun san juna har gida. Duk da haka akwai waɗanda suka ɓace mana muna kallo. Muna nufin samari da 'yan mata da suka girma da galahanga, wadda likitoci ke kira otizim. Suna yara muna ganinsu a makarantar Lahadi. Da suka girma, tsaransu suka tafi karatu ko suka yi aure, su kuwa suka rage a ɗaki, ba aiki, ba aboki.

Galahanga ba aljanu ba ce, ba kuma alhakin iyaye ba. Yanayi ne na yadda ƙwaƙwalwa ke girma, kuma mutum yana tare da shi har tsufa. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da ita. Wani ba ya iya kallon ido, wani ƙarar lasifika da ganga tana yi masa zafi a kunne, wani gaisuwa mai tsawo tana rikita shi. Sai mu ce yana da girman kai, alhali kuwa yana son mutane, hanyar shiga cikinsu ce take yi masa wuya.

A ƙasar nan aiki ne ke haɗa mutane. A fadamar shinkafa, a kasuwar kifi ta Haɗeja, wurin awon riɗi, nan ake hira, nan ake ƙulla abota. Wanda ba shi da abin yi, ba shi da dalilin fita. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, amma takarda ba za ta ƙwanƙwasa ƙofar ɗan'uwanmu ba. Mu ne za mu je.

Da yawansu suna son tsari, ba sa gajiya da maimaita aiki ɗaya. Dattawa, ku tambayi mutumin da kansa abin da yake so, kada ku tsaya ga iyayensa kawai. Ku ba shi aiki takamaimai: jera kujeru, adana littattafan waƙoƙi, rubuta lissafi tare da ma'aji. Masu shago, teloli da manoma a cikinmu, ku ɗauki mutum ɗaya, ku faɗa masa aikin dalla-dalla, ku biya shi haƙƙinsa. Zumuntar Mata da ta Matasa su sa mutum ɗaya da zai riƙa ziyartarsa a rana tsayayya. A rage ƙarar lasifika, a bar masa wurin zama kusa da ƙofa.

Mu da muka san yadda zaman 'yan tsiraru yake, bai kamata mu bar wani cikin kaɗaici a tsakaninmu ba. Allah ya ba mu hikima da haƙuri. Amin.