Awa Shida a Aji, Awa Arba'in a Wuya: Ɗalibin Faransa a Jami'ar Waje

A Faransa akwai wata ba'a da ake yi wa duk ɗalibin da ya tafi karatun musaya a wata ƙasa: wai ya tafi hutu ne da kuɗin gwamnati. Fim ɗin L'Auberge espagnole da Cédric Klapisch ya fitar a 2002 ya ƙara wa zancen gishiri. Labarin wani saurayi ne ɗan Paris mai karatun tattalin arziki da ya je Basalona ya tare a gida ɗaya da samari da 'yan mata daga ƙasashe daban-daban, kuma a tsawon fim ɗin an fi ganinsa a mashaya da bakin teku fiye da gaban littafi. Tun daga lokacin, iyaye da yawa in ɗansu ya ce zai yi shekara a waje, sai su dube shi da gefen ido.

Wannan fili bai yarda da wannan ba'a ba. Abin da ke faruwa ga ɗalibin ya fi haka wahala, kuma wahalar tana ɓoye ne a wurin da ba a zato, wato a cikin jadawalin da ya zo masa kusan wayam.

Sai an fara da mudun da ake awo da shi. Shirin musayar ɗalibai na Turai, Erasmus, ya fara ne a 1987 da ɗalibai 3,244 daga ƙasashe 11, kuma nan da nan aka ga matsala: in ɗalibi ya yi zango a Madrid ya koma Bodo, da me za a auna abin da ya karanto? Daga nan aka ƙirƙiro tsarin ƙirga kiredit na ECTS a 1989, yarjejeniyar Bolonya ta 1999 da ƙasashe 29 suka sa wa hannu ta ƙarfafa shi, Faransa kuma ta gina tsarinta na digiri hawa uku, LMD, a kansa daga 2002. Lissafin mai sauƙi ne. Shekarar karatu kiredit 60 ce, zango ɗaya 30, digirin farko na shekara uku 180. Kowane kiredit kuma yana tsaye ne a madadin aikin awa 25 zuwa 30, a haɗa zaman aji da karatun ɗaki da rubutu da jarrabawa. Ke nan zango ɗaya awa 750 ne zuwa 900. In aka raba shi a kan mako ashirin, ya kama awa arba'in ko kusa da haka a kowane mako, daidai da ma'aikacin ofis. Mai karatu a Yamai ko Damagaram ba baƙo ba ne ga wannan lissafi, domin jami'o'in Nijar ma a kan LMD suke tafiya.

To mudu dai ɗaya ne, amma kowace kasuwa da yadda take cika shi.

A jami'ar Faransa, kusan rabin waɗannan awoyi a zaune ake cinye su. Ɗalibin shari'a ko tarihi yana iya yin awa ashirin ko fiye a mako tsakanin babbar lacca, wadda suke kira CM, da ƙaramin aji na aiki, wanda suke kira TD. A CM malami yana can ƙasa a gaban babban zaure mai hawa-hawa, yana magana awa biyu ko uku, ɗaruruwan ɗalibai suna buga kwamfuta kamar ana ruwan ƙanƙara a kan kwano. Ba a cika ɗaga hannu ba. Abin da malami ya faɗa shi ne darasin, shi ne kuma zai fito a jarrabawa. Wanda ya biyo ta ajin share fagen shiga manyan makarantu, wanda ake kira prépa, nasa ya fi tsanani: sama da awa talatin a aji, ga jarrabawar baka kusan kowane mako, ga rubutacciya ta awa huɗu da sau da yawa ake yi ranar Asabar. Irin wannan ɗalibi ya saba a tsara masa yininsa tun daga safe har dare. Ya iya juriya. Abin da ba a koya masa ba shi ne yadda zai yi da ranar Talatar da babu kowa a kansa.

A ɗauki misalin ɗaliba 'yar shekara ta uku daga Liyon da ta sauka a Uppsala ta ƙasar Suwidin, jami'ar da aka kafa tun 1477. Ta buɗe jadawalinta a ƙarshen watan Agusta, ta ga darasi guda ɗaya tak. A can sau da yawa ba a jera darussa bakwai ko takwas a lokaci guda kamar yadda ta saba. Ana yin ɗaya a gama, mai kiredit bakwai da rabi cikin mako biyar, sannan a shiga na gaba. Zaman aji a fannoni irin nata sau da yawa ba ya wuce awa shida ko takwas a mako. Malamin ya shigo da rigar sanyi, ya ce a kira shi da sunansa na yanka, ya miƙa jerin littattafai da maƙaloli, ya ce a haɗu ranar Alhamis a tattauna. Ita kuwa ta ninke takardar ta sa a jaka, ta kira gida ta ce karatun nan wasa ne.

Ranar Alhamis ɗin ce ta gane kurenta. Mutum goma sha biyu ne zagaye da teburi, babu bayan zaure da za a ɓuya. Malamin bai yi lacca ba, tambaya ya jefo, ya jingina da kujera. Wata 'yar Holand ta buɗe littafinta, gefen shafuka duk rubutun fensir; wani ɗan ƙasar ya ce bai gamsu da babi na uku ba, ya kawo dalili. Da aka zo kan 'yar Liyon, sai ta tarar tana riƙe da biro da farar takarda, tana jiran a faɗi abin da za ta rubuta. Baƙo ko da ido makaho ne. Awa talatin da 'yan kai da ta ga babu komai a jadawali, ashe su ne darasin. Zaman ajin wurin baje kolin abin da aka karanto ne kawai. Kafin ta farfaɗo mako biyu sun wuce cikin biyar, ga jarrabawar da ake ba mutum ya tafi da ita gida ya rubuto cikin 'yan kwanaki tana tafe. Zuwa Disamba, rana na faɗuwa kafin ƙarfe uku na yamma, ita kuma tana laburare da ƙamus a gefe, tana cin shafi goma a lokacin da abokan zamanta ke cin talatin.

Wannan batu na harshe shi ne ramin da lissafin ECTS ya tsallake. Awa 25 ɗin da aka ƙiyasta, an ƙiyasta ta ne da ɗan gida. Ba wanda ya ƙara wa baƙo ko minti ɗaya saboda yana karatu da harshen da ba nasa ba. Ko a fim ɗin Klapisch akwai wurin da ɗaliban suka shiga aji a Basalona suka tarar malami da Katalanci yake koyarwa, ba Sifaniyancin da suka yi wahalar koyo ba, kuma da aka roƙe shi ya sauya ya ƙi. Mutane sun tuna rawa da shagali na fim ɗin, sun manta wannan.

Sai kuma salon rubutu, wanda a ganin wannan fili ya fi harshe cin rai. Tun daga sakandare ake horar da yaron Faransa a kan abin da suke kira dissertation: a fito da matsalar da ke cikin tambaya, a tsara amsa kashi biyu ko uku, kowane kashi da rassansa, a riƙe hukunci sai can ƙarshe. Gini ne mai kyau, kuma wanda ya ƙware a kansa yana da kaifin tunani. Amma ya kai wannan gini gaban malami a Dablin ko Edinbara, sai takarda ta dawo da jan biro a sakin layi na farko: ina matsayarka? A can ana so ka faɗi ra'ayinka tun a bakin ƙofa, ka kare shi, ka nuna littafi da shafin da ka ɗauko kowace magana, in ba haka ba manhajar gano satar rubutu ta kama ka. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, sai dai a nan kukan ana ba shi maki.

Makin ma wani rikicin ne. A Faransa a kan 20 ake yi, 10 ne ci, 14 abin a yi murna, 18 kuwa sai a shekara ba a gani ba a wasu fannoni. Sifen a kan 10 take yi, 5 ne ci. Italiya a kan 30, 18 ne ci, kuma jarrabawa da yawa ta baka ce, a gaban sauran ɗalibai. A Jamus 1 ne kan gaba, 4 ne bakin faɗuwa. A Birtaniya 70 cikin 100 shi ne daraja ta ɗaya, abin da uwa a Marsai za ta ji ta ce yaron ya yi sakaci. Ga wani abu da ɗan Faransa ya saba jingina da shi a gida: in ya sami 8 a wannan darasi ya sami 12 a wancan, sau da yawa ana haɗawa a raba, ya haye. A jami'o'in waje da yawa babu wannan rangwame. Darasin da ka faɗi ka faɗi, kiredit ɗinsa ba zai biyo ka gida ba.

Waɗanda suka tsallaka teku nasu kiɗan daban ne. A Kebek ta Kanada, inda 'yan Faransa ke tururuwa saboda harshe ɗaya ne, cikakken zango darasi biyar ne, kowanne awa uku a mako, tare da tsammanin ninki biyu na wannan a karatun ɗaki. A Amurka dokar biza ba ta yarda ɗalibin digirin farko ya sauka ƙasa da kiredit 12 irin nasu ba, kuma can ba a jira ƙarshen zango: ƙaramar jarrabawa yau, aikin gida gobe, ta tsakiyar zango jibi, har halartar aji da yawan magana a ciki suna da maki. Ɗalibin da ya saba ya tara komai ya haɗiye cikin mako biyu kafin jarrabawar Janairu, nan dabararsa take mutuwa.

Duk wannan kafin a zo kan takardu. Kafin tafiya sai ɗalibi da jami'arsa da jami'ar da za ta karɓe shi sun sa hannu a yarjejeniyar darussan da zai ɗauka. Yana isa sai ya tarar an soke ɗaya, biyu sun faɗo a awa guda, wani ya cika. Sai a shiga aika saƙo gida ana neman sa hannun malamin da ke kula da musaya, wanda shi ma ajinsa ke gabansa. Wanda ya zaɓi Jamus a zangon farko kuma zai tarar laccoci suna kaiwa Fabrairu, alhali zango na biyu a Faransa ya fara tun Janairu.

Ba a ce babu masu shagali ba. Akwai su, kuma akwai jami'o'in da ke ware wa baƙi darussa masu laushi don kowa ya rabu lafiya. Wannan ha'inci ne, kuma ɗalibin aka cuta. Shi kansa Erasmus na Rotadam da aka sa wa shirin sunansa, da ya je karatu Paris a 1495, abin da ya fi tunawa da shi daga baya shi ne ruɓaɓɓen ƙwai da mugun makwancin kwalejin Montaigu, ba laccocin ba. Ɗalibi a waje bai taɓa zama mai karatu kaɗai ba. Amma wanda ya dawo da kiredit 30 cif daga Uppsala ko Hedelbag, ya same su ne da harshen aro, da salon rubutun da ya koya cikin makonni, ba tare da mai tsaye a kansa ba, ga tallafin 'yan ɗaruruwan Yuro a wata da kuɗin ɗaki kaɗai ke iya lashewa.

Laifin da ke akwai na jami'o'in da ke turawa ne. Tarayyar Turai ta ware wa Erasmus+ sama da Yuro biliyan 26 daga 2021 zuwa 2027, manyan makarantu irin su Sciences Po ta Paris sun mai da shekara ta uku a waje wajibi, amma taron sallamar ɗalibai galibi a kan inshora da fom da ranar rufe rajista yake ƙarewa. Zaman awa biyu da wanda ya je ya dawo, a nuna wa mai tafiya ainihin jerin littattafan darasi guda da maƙalar da aka yi wa gyara da jan biro, zai rage wa yara da yawa asarar watan farko. Kuma jami'o'in yankinmu da suka ɗauki LMD, suna tura ɗalibai Faransa da Maroko da Turkiyya, su ma wannan aikin yana kansu. Duk malamin da zai sa hannu a takardar ɗalibi mai tafiya, ya zaunar da shi tukuna, su ƙirga tare awa nawa ne a jadawalin, awa nawa ne kuma ba a rubuta ba.