Kyakkyawar Niyya Ba Ta Wanke Burutus Ba

Duk wanda ya karanta wasan kwaikwayon Juliyas Kaisar, wanda Shekisfiya ya rubuta wajajen 1599, yakan rufe littafin yana tausayin Burutus. Ga dalili kuwa: har abokin gabarsa Antoni ya tsaya kan gawarsa ya shaida cewa shi kaɗai ne cikin waɗanda suka kashe Kaisar bai yi don hassada ba. To ni dai, 'yan'uwa ɗalibai, ban yarda wannan shaida ta isa ta wanke shi ba. A ganina ma Burutus ya fi sauran haɗari, domin ya yarda da tsarkin zuciyarsa har ya daina bincike.

Mu fara da hujjarsa. Daren da yake shawara da zuciyarsa a lambun gidansa, da bakinsa ya amsa cewa ba shi da wani ƙulli da Kaisar, kuma bai taɓa ganin son zuciya ya rinjayi hankalinsa ba. Tsoronsa shi ne abin da mutumin zai zama in an naɗa shi sarki. Wato an yanke wa mutum hukuncin kisa kan laifin da bai riga ya aikata ba. Wani zai ce ai rigakafi ya fi magani. Haka ne, amma wane alƙali ne zai karɓi "ƙila zai yi" a matsayin hujjar zubar da jini?

Sai batun wasiƙu. Kashiyas ya san lagon abokinsa: yana alfahari da kakansa da ya kori sarkin Rum na ƙarshe. Sai ya rubuta wasiƙun bogi da rubutun hannu iri-iri, kamar daga talakawan gari suka fito, ya sa aka jefa masa ta taga. Burutus bai tambayi wanda ya aiko ba. An ingiza mai kantu ruwa, shi kuwa ya faɗa, don abin da ke cikin takardun shi ne abin da yake son ji game da kansa.

Kashiyas fa? Mahassadi ne, ba musu. Haushinsa shi ne mutumin da ya taɓa cetowa daga nutsewa a kogin Tiba yau ya zama kamar abin bauta. Amma ku lura, kusan duk shawarar da ya bayar ita ce ta mai sanin duniya. Ya ce barin Antoni da rai haɗari ne, Burutus ya ƙi. Ya ce kada a bar Antoni ya yi jawabi wajen jana'iza, Burutus ya ƙi, ya ma gama nasa jawabin ya tafi ya bar masa fili. Ya ce su jira abokan gaba su iso a gajiye, Burutus ya nace sai an tafi Filibi. Sau uku ana ba shi shawara, sau uku yana watsarwa, don yana ganin mai gaskiya ba ya kuskure.

Inda abin ya fi ba ni mamaki shi ne rigimarsu a Sardis. Burutus ya zargi Kashiyas da karɓar rashawa, a lokaci guda kuma yana fushi don bai aiko masa da kuɗin biyan sojoji ba, wai shi ba zai iya tatsar talakawa ba. Kai jama'a! Ba za ka taɓa ƙazanta da hannunka ba, amma za ka kashe kuɗin da ƙazantar ta samar? Laifi tudu ne.

Kada kuma a ɗauka Antoni waliyyi ne. Ya tunzura jama'a da wasiyyar Kaisar, wadda ta bar wa kowane ɗan gari dirakma 75, har suka kashe wani mawaƙi Sina don kawai sunansa ya zo ɗaya da na wani maƙarƙashi. Daga baya ga shi zaune da Oktabiyas da Lefidus suna jera sunayen waɗanda za a kashe, yana kuma neman hanyar rage kuɗin wasiyyar.

Me aka samu a ƙarshe? An kashe Kaisar ranar 15 ga Maris, shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), don a ceci jamhuriya. Bayan shekara biyu Burutus da Kashiyas suka mutu a Filibi, kuma a shekara ta 27 Oktabiyas ya zama Augustus, mai mulki shi kaɗai. Abin da aka guda shi aka tarar, an kuma ƙara da yaƙin basasa.

Niyya Allah kaɗai ya san ta. Abin da mu za mu iya aunawa shi ne ko mutum yana tantance labari kafin ya ɗauki mataki, ko yana sauraron wanda ya saɓa masa, ko kuma yana auna kansa da mudun da yake auna wasu. Burutus ya faɗi duka ukun. Idan lokacin zaɓen ƙungiya ya zo, wani ya hau benci yana rantsuwa cewa don ɗalibai yake yi, ƙila gaskiya yake faɗa. Ku dai tambaye shi wa ke rubuta masa wasiƙun.