Halittun Dajinmu: Ɓera Mai Yawan Nono

Da zarar an gama girbi, hunturu ya kankama, ciyawar daji ta bushe, akwai wani ɗan baƙo da yakan baro gona ya biyo dammunan hatsi har cikin gari. Manomi na ganinsa sai ya ce ai ɓera ne kawai. Lalle ɓera ne, amma irinsa dabam yake da ɓeran gida da aka saba gani, kuma ya kamata a san shi sosai.

Masana suna kiransa Mastomys natalensis, sunan da ya samo daga lardin Natal na Afirka ta Kudu, inda wani likitan soja mai suna Andrew Smith ya fara bayyana siffarsa a 1834. Ana samunsa a kusan dukkan ƙasashen Afirka da ke kudu da Hamada, musamman a filayen ciyawa da gonaki. Gashin bayansa toka-toka ne da ɗan ruwan ƙasa, cikinsa fari-fari, wutsiyarsa kusan tsawon jikinsa, nauyinsa kuwa bai cika kai giram 100 ba. Da rana yana kwance a rami, sai dare ya yi ya fito neman ƙwayar hatsi, da 'ya'yan ciyawa, da ƙwari.

Abin mamakinsa yana wajen haihuwa. Macen ɓeran gida nononta 10 ne ko 12, ita kuwa macen wannan takan kai 24. Cikinta kwana 23 ne ko kusa da haka, takan haifi 'ya'ya 10 zuwa 12 a lokaci guda, kuma tana iya ɗaukar wani cikin tun ba ta yaye na farko ba. Kaɗan ne daga cikinsu ke cika shekara a daji, amma idan damina ta yi albarka sai su yi yawan da ya fi ƙarfin manomi. A Tanzaniya an sha ganin shekarun da suke tone irin masara daren da aka shuka shi, har sai an sake shuka.

Ɓarnar gona ma da sauƙi. A 1969, a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu, wani zazzaɓi da ba a san irinsa ba ya kama wata ma'aikaciyar jiyya ta mishan, aka kai ta Jos, ta rasu a can. A 1970 likita Jeanette Troup, wadda ta yi fama da cutar a asibitin mishan na Jos, ita ma ta kamu ta rasu. Sai bayan ɓarkewar cutar a ƙasar Saliyo a 1972 masu bincike suka gano cewa wannan ɓera ne ke ɗauke da ƙwayarta. Shi ba ta kayar da shi, sai dai ya riƙa zubar da ita cikin fitsari da kashinsa a kan abinci da kwanuka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kamar mutum 80 cikin 100 da suka kamu ba sa jin jiki sosai, amma cikin waɗanda ta kwantar a asibiti wajen 15 cikin 100 sukan rasu, wasu da suka tashi kuma ta bar su da kurumta. A Nijeriya ta fi tsananta da rani, watau daidai lokacin da ɓeran yake matsowa gidaje.

To, Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wanda ya shanya gari ko masara a bakin hanya ya bar su suka kwana, shi ya shimfiɗa wa ɓera tabarma. Haka wanda ya bar rumbu da ɓula, ko juji a gindin katanga. Mai ƙona daji don farauta ya kore shi zuwa gari, sa'an nan kuma idan ciyawa ta fara tohowa, irinsa ne kan gaba wajen mamaye ƙonannen fili. Mujiya kuwa, wadda camfi ya sa ake jifa, tana cikin manyan masu cin ɓera da dare, kuma ba ta karɓar ko kwabo.

Ba wanda zai iya ƙarar da ɓeran da ke haihuwa haka, amma ana iya hana shi shiga gida. A zuba hatsi a mazubi mai murfi, a toshe ramuka, a kai shara nesa, a hana yara kama ɓera da cin namansa. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin cizon sauro kuwa, a gaggauta kai mai shi asibiti, domin wanda aka kai da wuri ya fi samun tashi.