Tsakanin Buhu 13 Da Buhu 21

Tun da aka kafa Jami'ar Kimiyya da Fasaha a Wudil a 2001, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Aliko Dangote, ga kuma Kwalejin 'Yan Sanda a gefen gari, ginin gidajen haya bai tsaya ba. Mai gida da magini kuwa sukan yi zaman lafiya tun daga harsashi har zuwa rufi, sai an zo filastar waje zumunci ya ɓaci. Magini ya ce buhu kaza zai isa, siminti ya ƙare alhali bango ɗaya na nan tsirara, sai zargin sata ya biyo baya. Sata tana faruwa, babu musu. Amma mafi yawan wannan rigima daga tambayar take tasowa, domin mai gida lamba ɗaya yake nema a wurin da lamba ɗaya ba ta da gaskiya.

A ɗauki gida mai tsawon mita 15, faɗin mita 12, tsayin bango mita 3. Kewayensa mita 54 ne, fuskar bangon waje murabba'in mita 162. In aka cire ƙofofi da tagogi, a ce murabba'in mita 20, saura 142. Da a ce mai riƙe da tef ya kuskure da santimita 5 a kowane gefe, ya sake kuskurewa haka a tsayi, duk abin da zai sauya bai wuce murabba'in mita 3 da ɗoriya ba. Wannan bai kai sulusin buhu ba. Abin mamaki, a kan wannan awon ne ake tsayawa ana ja-in-ja, ana sake miƙa tef sau biyu sau uku.

Inda kuɗin ke zurarewa shi ne kauri. Buhu mai kilo 50 yana daidai da kwanon sarki biyu. In aka haɗa shi da kwano takwas na yashi, aka shafa kaurin milimita 12, zai rufe kusan murabba'in mita 11, wato gidan nan zai ci buhu 13. Sai dai bulon da aka buga da hannu ba ya fita kai ɗaya, kuma bangon da aka jera cikin gaggawa yakan yi ciki a nan, ya yi doro a can. Mai filasta ba shi da hanyar miƙar da shi sai ya cike ramin da kwaɓi. Idan matsakaicin kauri ya kai milimita 20, buhu ba zai rufe murabba'in mita 7 ba, gidan kuma ya koma buhu 21. Buhu takwas ke nan suka shige cikin tazarar da ba ta kai kaurin ɗan yatsa ba, ba tare da kowa ya ɗauki komai ba.

Yashin ma yana da nasa hali. Wanda tipa ta kwaso daga Kogin Wudil da danshinsa yakan kumbura, kwano ya cika a ido alhali ainihin yashin bai kai ba, kwaɓi ya yi ƙarfin siminti fiye da yadda aka lissafa. Ga lebura da ke tsiri kwano da safe, ya riƙa shafe bakinsa da la'asar in gajiya ta kama shi.

Saboda haka ya kamata magini ya daina faɗin lamba ɗaya, mai gida kuma ya daina karɓarta. A ce tsakanin kaza da kaza, a kuma faɗi dalili. Kafin a yi magana a ja igiya daga kusurwa zuwa kusurwa, a duba tazarar da ke tsakaninta da bulo a wurare da dama. Aikin minti goma ne, ya kuma fi sake auna tsawon gida amfani nesa ba kusa ba.

Za a iya cewa wannan tazara mafaka ce ga marar amana, tunda zai iya karkatar da buhu biyar ya fake da karkatar bango. Ƙorafin yana da tushe. Maganinsa a fara da bango guda, wanda aka san faɗinsa, mai gida ko wakilinsa na tsaye, a ƙirga buhun da ya ci. Daga nan tazarar ta tsuke, kowa ya san abin da sauran ukun za su nema, da ɗan ƙari saboda kwaɓin da ke zubewa ƙasa.

Saura batun saye. A Fabrairun 2024 farashin buhu ya haura naira 10,000 a wurare da yawa, har Ministan Ayyuka David Umahi ya zauna da kamfanonin Dangote da BUA da Lafarge aka tsayar da naira 7,000 zuwa 8,000. Wanda ya ga wannan zai so ya sayi buhu 21 a tashi ɗaya. Da rani babu laifi. Da damina kuwa, a garin da ke bakin kogi, siminti yana shan danshi ya dunƙule tun yana cikin buhu. Gara a sayi 13 ɗin farko, a ɗora su kan katako nesa da bango, a jira abin da bangon gwaji zai nuna kafin a koma shago.